Matsalolin rediyo, amfilifaya da gejin tsohuwar mota

Matsalolin rediyo, amfilifaya da geji na daga cikin lalurorin lantarki da suka fi addabar motocin da suka daɗe a kan titi. A ƙasar Hausa mai gyaran irin wannan ana ce masa mai riwaya, kuma aikinsa daban yake da na bakanike mai gyaran inji. Waɗannan na'urori uku batir ɗaya suke sha wa wuta, ta jikin mota ɗaya kuma wutar ke komawa. Shi ya sa sau da yawa na'urar lafiyarta ƙalau, laifin na hanyar wuta ne: fis da ya ƙone, ko waya da ta tsinke, ko mahaɗar da ta yi tsatsa. Ƙa'idar aikin ita ce a fara bincike daga batir, a biyo waya, sannan daga ƙarshe a zargi na'ura.

Yadda wuta ke zagayawa a mota

Ƙananan motoci suna amfani da batir mai volt 12, wanda ke da ɗakuna shida a ciki, kowane yana ba da kusan volt 2.1. Wuta na fita daga kan batir na fozitif, ta ratsa akwatin fis, ta shiga na'ura. Ba a jawo wata doguwar waya domin mayar da ita batir. Ƙarfen jikin motar ne ke yin wannan aiki, domin kan batir na negatif a bodi da inji yake ɗaure. Kowace na'ura tana da gajeriyar waya da aka ɗaure a bodi, wato wayar bodi. Idan wurin ɗaurin ya yi tsatsa ko ya sassauta, wuta za ta nemi wata hanya, sai a ga allurar geji tana motsi idan an kunna fitila, ko rediyo yana mutuwa idan an taka birki.

Motocin da aka ƙera kafin tsakiyar shekarun 1990 galibi ba su da wurin jona kwamfutar bincike irin ta zamani. Sai a 1996 aka wajabta tsarin OBD-II ga motocin da ake sayarwa a Amurka. Saboda haka motoci irin su Peugeot 504, wadda aka fara ƙerawa a Faransa a 1968 kuma aka daɗe ana harhaɗa ta a Kaduna, da Mercedes-Benz W123 ta 1976 zuwa 1986, da hannu ake bincikensu. Zafi, da ƙurar hunturu, da damshin damina suna busar da robar waya, suna kuma sa mahaɗu tsatsa.

Kayan aiki da gwajin farko

Kayan da ake buƙata ba su da yawa: mitar gwajin wuta, fitilar gwaji, taswirar wayoyin motar, da samfefa ta goge tsatsa. Batir mai cikakken caji yana nuna kimanin volt 12.6 idan inji na kashe. Idan inji na aiki, ya kamata mita ta nuna tsakanin 13.5 da 14.5, alamar altaneta na caji. Abin da ya gaza haka yana nuni ga altaneta ko bel ɗinta, abin da ya haura 15 kuwa yana iya ƙona ƙwayayen fitila da rediyo.

Bayan batir sai fis. A irin fis ɗin roba mai ƙafa biyu, launi ne ke nuna ƙarfinsa: ja amfiya 10, shuɗi 15, rawaya 20, kore 30. Tsofaffin motocin Jamus irin su W123 da Volkswagen Beetle suna da wani dogon fis mai tsini a baki biyu, wanda bakinsa kan yi tsatsa ya hana wuta wucewa alhali bai ƙone ba. Fis ɗin da aka sauya ya sake ƙonewa nan take yana nufin wayar wuta na taɓa bodi a wani wuri. Naɗa waya ko takardar sigari mai ƙyalli a madadin fis yana jawo gobara, domin wayar motar ce za ta yi zafi ta narke a maimakonsa.

Rediyo

Rediyon mota yana da wayoyin wuta biyu. A rediyon da ake saye a kasuwa, rawayar waya tana da wuta kullum domin riƙe agogo da tashoshin da aka ajiye, jar waya ba ta samun wuta sai an murɗa makulli, baƙa kuwa ta bodi ce. Idan rediyo na manta tashoshi duk lokacin da aka kashe mota, an musanya rawaya da ja ne, ko fis ɗin rawayar ya ƙone. Idan bai kawo wuta ko kaɗan ba, ana auna wayoyin biyu, a kuma duba ƙaramin fis ɗin da ke bayan rediyon. Wasu rediyoyin na shekarun 1990 suna neman lambar sirri bayan an cire batir, kuma ba sa aiki sai an shigar da ita.

Idan rediyo ya kawo wuta amma babu sauti, ana duba sifiku. Mafi yawansu ohm 4 ne. Wayar sifikar ƙofa takan karye a cikin robar da ke tsakanin ƙofa da bodi, saboda yawan buɗewa da rufewa. Idan kaset ko faifai na yi amma tasha ba ta kamawa, laifin eriya ne ko wayarta.

Akwai kuma matsalar da ba lalacewa ba ce. Rediyon da aka yi domin kasuwar Japan yana kama FM daga 76 zuwa 90 MHz ne a tsofaffin motoci, alhali tashoshin Najeriya da Nijar suna tsakanin 87.5 da 108. Wanda aka yi domin Amurka kuwa yana tsayawa ne kawai a lambobin da ke ƙarewa da mara, kamar 99.5 ko 99.7, ya tsallake masu ƙarewa da cika.

Amfilifaya

Amfilifaya tana ƙara ƙarfin sautin da ke fitowa daga rediyo kafin ya isa sifika. Wayoyi uku ke ba ta rai: kakkaurar waya daga batir kai tsaye, wayar bodi, da siririyar waya shuɗiya mai ratsin fari wadda rediyo ke tayar da ita da ita. Idan siririyar ba ta kawo volt 12 ba, amfilifaya ba za ta tashi ba ko da babbar wayar na da wuta. Ana sa fis a babbar wayar kusa da batir, kada ya wuce santimita 45 daga kansa, domin duk tsawon wayar da ke gaban fis ba shi da kariya.

Amfilifaya da yawa suna da fitilar kariya, wadda ke kamawa idan na'urar ta yi zafi, ko wayoyin sifika sun haɗu, ko an jona mata sifiku fiye da ƙarfinta. Ana cire wayoyin sifikun duka a kunna ta. Idan fitilar ta mutu, matsalar tana waje, idan ta ci gaba da ci, cikin amfilifayar ne.

Ƙarar da ke shiga sifika ma tana bayyana asalinta. Siririn kuka mai tashi idan an taka totur daga altaneta yake, kuma yawanci raunin wayar bodi ne ke ba shi hanya. Maganinsa shi ne a kankare fenti har ƙarfe ya fito, a ɗaure gajeriyar waya sosai, a kuma raba hanyar wayar sauti da ta wuta. Ƙarar ƙyas-ƙyas mai bin saurin inji kuwa daga fulogogi da wayoyinsu take, kuma ta fi fitowa a zangon AM.

Gejojin dashbod

Kowane geji kashi biyu ne: allurar da direba ke gani, da na'urar da ke aiko mata saƙo. A tankin mai akwai wani abu mai tasowa a saman man, wanda ke sauya yawan wutar da ke wucewa gwargwadon cikar tanki. Ma'aunin ya bambanta: tsofaffin motocin General Motors daga ohm 0 zuwa 90 suke, na VDO a Turai kuwa daga 10 zuwa 180. Idan aka haɗa geji da na'urar da ba tasa ba, ƙarya zai riƙa nunawa. Gejin zafi yana samun nasa saƙon daga wata na'ura da aka ɗaure a jikin inji inda ruwa ke bi.

Gwajin da aka saba yi shi ne a zare wayar daga na'urar, a kunna makulli, a taɓa ta a bodi na ɗan lokaci kaɗan. Idan allura ta tafi har ƙarshe, geji da waya lafiya suke, na'urar ce ta lalace. Idan gejin mai da na zafi suka rikice tare, ana zargin abin da ya haɗa su: fis, wayar bodin dashbod, ko ƙaramar sitabilaizar da ke bayansa. Wannan tana ba da volt 10 a tsofaffin motocin Ingila, kimanin 5 kuma a na Ford ta Amurka.

Gejin gudu a yawancin tsofaffin motoci ba da wuta yake aiki ba. Wata igiyar ƙarfe ce ke juyawa daga giyabos zuwa bayan dashbod. Idan ta bushe allura na rawa, idan ta tsinke allura ta kwanta.

Fitilun gargaɗi da kariya

Jar fitilar batir da ta baƙin mai ya kamata su kama idan an murɗa makulli, su mutu da inji ya tashi. A motoci da yawa altaneta ta cikin ƙwan fitilar batir take samun wutar fara caji, don haka ƙwan da ya ƙone yana iya hana caji. Idan fitilar baƙin mai ta kama ana cikin tafiya, ko allurar zafi ta shiga ja, ana tsayawa a kashe inji. Ba a ɗaukar laifin geji ne sai an tabbatar da mai da ruwa, domin inji na iya bugawa cikin mintuna kaɗan.

Kafin a taɓa wayoyi ana cire kan batir na negatif da farko, shi ne kuma ake mayarwa a ƙarshe. Batir na fitar da iskar haidurojin lokacin caji, saboda haka ba a kawo sigari ko tartsatsi kusa da shi.