Makero A Jikin Kare: Daga Ina Yake Fitowa?

Duk wanda ya zaga bayan kasuwar Malanville, ko ya bi ta bakin gadar da ta haɗa mu da Gaya, ba zai rasa ganin karen da gashinsa ya zube wuri-wuri ba, fatar ta yi furu-furu kamar an barbaɗa mata toka. Ba mu cika kulawa ba, sai ran da irin wannan tabo ya fito a kan yaro. Nan take sai a ce makero ne, kuma karen maƙwabta ne ya kawo shi.

Wani lokaci haka ne, wani lokaci kuwa an zalunci karen. Abin da ke kawo makero wata irin funfuna ce mai cin gashi da saman fata, kuma iri-iri ce. Wadda ta fi kama karnuka da kyanwoyi ana kiranta Microsporum canis, tana kuwa kama mutum, musamman yara masu wasa da kwikwiyo. Akwai wadda kare ke ɗaukowa in yana tonon ƙasa, da wadda yake samu wajen ɓeraye. Amma makeron da ya fi yawa a kawunan yaran Afirka ta Yamma, irin su Trichophyton soudanense da Microsporum audouinii, daga mutum zuwa mutum yake yawo, ta hanyar aska da hula da mataji. In irin wannan ne, ko an kori kare daga unguwa, ciwon na nan wajen mai aski.

Ido kaɗai ba ya rarrabewa. Hasali ma zubar gashin kare sau da yawa ƙazuwa ce, wadda ƙananan ƙwari ke kawowa, maganinta kuma dabam. Likitan dabbobi kan haska wurin a ɗaki mai duhu da wata fitila da Ba'amurke Robert Wood ya ƙirƙiro a 1903. Gashin da Microsporum canis ta kama yakan yi walƙiya kore, sauran irin da ke kama kare kuwa galibi shiru. Sai ya tsige gashi ya duba a madubin likita. Hanyar da ta fi tabbas ita ce a shuka gashin a ɗan faranti, a kan wani haɗi mai sunan likitan Faransa Raymond Sabouraud, a jira mako ɗaya zuwa uku funfunar ta tsiro, a gane ta da launinta da siffar ƙwayoyinta.

Al'adar shafa wa kare baƙin mai ba ta da amfani, ƙona fata take yi, ga shi dabbar na lasa. Magani shi ne wanka da sabulun da likita ya rubuta, da ƙwayoyi irin su griseofulvin ko itraconazole na makonni. Buhun da karen ke kwanciya a kai a ƙona shi, domin ƙwayoyin funfunar kan wuce shekara a raye cikin gashin da ya zube.