Amaryar da aka biya bashi da ita

A gidan tarihi na Louvre da ke birnin Paris akwai wani zane na ɗaurin aure. Amarya na tsaye cikin doguwar riga mai aikin zinariya, wani yaro na riƙe mata bakin rigar, wani dattijo mai gemu kuma yana sa mata zobe. Ni a littafin tarihin ɗiyata na fara ganinsa, nan Malanville, kuma abin da ya tsayar da ni shi ne bayanin da ke ƙasa: mai sa zoben ba ango ba ne, baffan amarya ne, Ferdinando, sarkin Toskana. Ango yana can Faransa. Na ce ashe su ma sun san wakili.

Amaryar ita ce Marie de Médicis, angon kuma Sarkin Faransa Henri na Huɗu. An ɗaura auren a Florence ta ƙasar Italiya ranar 5 ga Oktoba, 1600, amma ba su ga juna ba sai a watan Disamba, a garin Lyon. Ya girme ta da shekara fiye da ashirin.

To, ga inda zancen ya shafe mu. Asalin gidan Médicis 'yan kasuwa ne masu banki, kuma suna bin sarkin Faransa bashi mai nauyi. A al'adarsu dangin amarya ne ke ba da dukiya. Aka yanka tsabar zinariya 600,000, aka cire wani kaso daga bashin, aka ba shi saura. Sarki ya samu sauƙin bashi da matar da za ta haifa masa magaji, su kuma masu banki suka zama surukan sarauta. Kowa ya ci riba. Ita fa? A fada har kishiyar waje tana yi mata gorin cewa ɗiyar masu banki ce. An kashe mijin a 1610, kwana ɗaya bayan naɗa ta sarauniya. Ita da kanta ta sa mai zane Rubens ya yi mata manyan zane 24 na tarihin rayuwarta tsakanin 1622 da 1625, har da wannan na ɗaurin aure. Daga baya ta ɓata da ɗanta Louis na 13, ta mutu tana gudun hijira a Cologne ta Jamus a 1642, bashi ya yi mata katutu.

Namu sarakunan ba su bar zane ba, amma littattafai sun riƙe labarin. Tarihin Kano ya ce Abdullahi Burja, a ƙarni na 15, shi ya fara auren 'ya'yan sarakunan Dutse da Shira da Rano. Hasan al-Wazzan ya rubuta cewa Askiya Muhammadu, wanda sarautar Dandi ke jingina da gidansa, ya ci Kano, ya aurar wa sarkinta ɗiyarsa, ya kuma ɗora masa haraji.

Biyu ne suka fi tsaya mini a rai. Na farko Maryamu ɗiyar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wadda aka aurar wa Sarkin Kano Ibrahim Dabo. Auren ya ƙulla Kano da Sakkwato, amma Maryamu ta shiga da iliminta. Da Dabo ya rasu a 1846 ta koma Sakkwato da mutuncinta, kuma bayan rasuwar yayarta Nana Asma'u ita ta ci gaba da karantar da mata 'Yan Taru. Na biyu Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Bello, wanda ya haɗa kai da Rabe, ya auri ɗiyarsa Hauwa. Da suka ci Barno sai amana ta lalace. A 1898 Hayatu ya yi yunƙurin barin Dikwa, Fadlallah ɗan Rabe ya bi shi da dakaru, aka kashe shi. Ku duba Hauwa: miji a gefe, ɗan'uwa a gefe.

Mu ba sarakuna ba ne, amma wallahi lissafin ɗaya ne. Wanda ya zauna kasuwar Malanville ya san yadda ake yi. Mai albasa daga Galmi yana son mai masauki a nan, mai shinkafa yana son hannu a Kwatano, wani na son dillali a Gaya ko Kamba, sai a ce a ƙarfafa zumunci da aure. Ba laifi ba ne, gidaje da yawa da haka suka tashi. Amma tun da aka rufe gada a 2023, kaya suka maƙale, jari ya karye, na ga abokan ciniki sun daina gaisawa, yarinya kuma tana tsakiya, uban miji na bin ubanta kuɗi. Zuwa ganin gida ma sai ta kwale-kwale.

Shi ya sa nake roƙon iyaye abu uku. Na ɗaya, a tambayi yarinya, ta bakin uwarta ko gwaggonta, inda ba idon baba. Musulunci ya ce a nemi izininta, kuma shirun kunya daban, shirun tsoro daban. Na biyu, bashi ya tsaya a takarda da shaidu kamar yadda aya ta 282 a Suratul Baƙara ta umarta, kada ya shiga ɗakin amarya. Na uku, mu da ke zaune Benin mu sani cewa dokar iyali ta 2004 ta sa shekarun aure 18, kuma auren da aka rubuta a ofishin magajin gari kaɗai take la'akari da shi. Ranar rabon gado ko rigimar 'ya'ya, wannan takarda ce za a tambaya.

Sannan a bar ta ta shiga da abin hannunta, karatu ko sana'a. Ciniki yana ƙarewa, iyaka tana rufewa ta buɗe, amma ɗiyarka ce za ta kwana a gidan. Allah ya ba 'ya'yanmu gidajen zama lafiya.