ZAƁEN TAYAR MOTA DON RANI DA DAMINA

Ana jawo hankalin Hakimai da Malamansu a kan sha'anin tayoyin ƙananan motocin da a ke fita rangadi da su. Tun da kamfanin Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop kuma ya bi baya a Ikko a 2008, galibin tayoyin da ke kasuwar Sakkwato daga ƙetare su ke zuwa, ba kuwa don ƙasarmu aka ƙera su duka ba.

Akwai irin da 'yan kasuwa ke kira tayar kowane lokaci, mai haruffa M+S a gefenta, watau taɓo da dusar ƙanƙara. Lokatan da a ke nufi na ƙasashen Turai da Amurka ne. Mu nan ba mu da dusar ƙanƙara. Abin da mu ke da shi zafin bazara ne, wanda ya kan haura digiri 40 a watan Afrilu, kwalta kuwa ta fi haka zafi nesa. Sa'an nan ga ruwan Agusta. Irin wannan taya ba laifi, muddin ta jure zafi. Amma wadda aka zana wa dutse mai tsini uku da ƙanƙara a cikinsa, a yi hattara da ita, gama yawancinsu na tsananin sanyi ne, robarsu taushi gare ta, hanyar Illela ko ta Gusau ba ta daɗewa ta cinye ta.

Lalle ne Malamin Hakimi ya karanta gefen taya da kansa kafin a biya kuɗi. Tayoyi da yawa suna ɗauke da kalmar TEMPERATURE tare da harafi A, ko B, ko C. A ta fi jure zafi, ita ya kamata a nema. C ita ce ta ƙarshe, ba ta dace da doguwar tafiyar rana a wannan ƙasa ba. Kana a duba lambobi huɗu na ƙarshe bayan haruffan DOT. In an ga 2423, ma'anarsa an ƙera ta a mako na 24 na shekarar 2023. Roba tana tsufa ko da tana ajiye a kanti, balle wadda ta sha rana a bakin titi. Hukumar Kiyaye Haɗurra, wadda aka kafa a 1988, ta kan yi gargaɗi a bar tayar da ta wuce shekara 4. Tayoyin gwanjo kuwa, da a ke ce wa Beljiyam, doka ta hana shigowa da su. Arharsu ba ta kai ran direba da dogari ba.

Game da girma, a bi abin da masu mota suka rubuta a jikin ƙofar direba. Misali 195/65 R15 91H: faɗinta milimita 195, ƙarfen da ta ke hawa inci 15, lamba 91 na nufin kowace taya na ɗaukar kilo 615, H kuma iyakar gudu kilomita 210 a sa'a. Kada a sayi wadda lambar nauyinta ta gaza, tun da motar rangadi ba ta rasa buhu a baya.

Zanen taya shi ke kore ruwa daga ƙarƙashinta. In zurfinsa ya ragu zuwa milimita 1.6 ta yi sanƙo ke nan, birki ba zai kama a jiƙaƙƙiyar kwalta ba. A canja ta kafin ruwa ya sauka a watan Yuni.

Akwai wata al'ada ta direbobi, su tsaya a hanya da tsakar rana su sace iska, wai don kada taya ta fashe. Kuskure ne babba. Tayar da iskarta ta yi kaɗan ita ce ke lanƙwasa, ta ɗau zafi, ta tarwatse. A auna iska da sassafe a wurin mai faci, taya tana sanyi, har da safaya, aƙalla sau ɗaya a wata, kuma Malami ya rubuta ranar a littafin mota.