Ciwon Sanyi Na Gonoriya: Alamominsa Da Yadda Ake Maganinsa

A bakin jama'a, "ciwon sanyi" suna ne da ake bai wa larurori daban-daban, wasunsu ma ba ta hanyar saduwa ake ɗaukarsu ba. Amma gonoriya cuta ce takamaimai, wadda ƙwayar bakteriya mai suna Neisseria gonorrhoeae ke haddasawa. Wani likita Bajamushe, Albert Neisser, shi ya gano ƙwayar a shekarar 1879. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 an samu sababbin kamuwa fiye da miliyan 82 a tsakanin masu shekara 15 zuwa 49.

Ana ɗaukar cutar ne ta hanyar saduwa da mai ɗauke da ita. Tsugunawa a bayan gida ba ya kawo ta, kamar yadda ake yawan zato. A jikin namiji takan bayyana cikin 'yan kwanaki, da zafin fitsari da fitar ruwa mai kama da mugunya daga al'aura. Mata da yawa kuwa ba sa ganin wata alama, kuma a nan hatsarin yake. Idan cutar ta daɗe ba magani, takan haura zuwa mahaifa da bututunta, ta jawo ciwon mara, ko ɗaukar ciki a wajen mahaifa, ko rashin haihuwa. Jariri ma kan kamu a ido lokacin haihuwa, abin da ka iya kai shi ga makanta.

Gonoriya tana warkewa. A asibiti ana gwada fitsari ko ruwan da ke fita, sannan a yi allurar ceftriaxone sau ɗaya. Sau da yawa likita kan haɗa da maganin kilamidiya, domin cututtukan biyu kan zo tare. Wajibi ne a yi wa miji da matarsa, ko matansa, magani lokaci guda, a kuma ƙaurace wa saduwa har kwana bakwai bayan an gama magani, in ba haka ba cutar za ta dawo.

Babbar damuwar likitoci a yau ita ce bijirewar ƙwayar ga magunguna. Penicillin da tetracycline da ciprofloxacin, waɗanda a da suke kashe ta, yanzu sun rasa ƙarfi a wurare da dama. Sayen kafso a kemis ba tare da gwaji ba yana ƙara wa ƙwayar taurin kai, ko da kuwa alamomin sun lafa na ɗan lokaci. Duk wanda ya ga alama, ko ya san abokin zamansa ya kamu, ya garzaya asibiti, kada kunya ta hana shi.