Dokta Katirin Hamlin da Hidimar Mata Masu Yoyon Fitsari

Kalmar nan hidima daga Larabci Hausa ta aro ta, kuma ma'anarta ta asali ita ce yi wa wani aiki. A bakin Bahaushe kuwa ta faɗaɗa, har ta haɗa da ɗawainiyar gida, da jinyar marar lafiya, da wahalar da mutum ya ɗora wa kansa domin jama'a. Nufinmu a wannan takarda shi ne mu kawo labarin wata mace Kirista wadda rayuwarta ta tattara waɗannan ma'anoni duka, watau Dokta Katirin Hamlin, mu kuma bayyana ciwon da ta yi shekara 61 tana fama da shi a ƙasar Habasha, gama ciwon nan yana nan a ƙasar Hausa har wa yau.

Asalinta da iyalinta

An haife ta a birnin Sidni na ƙasar Ostareliya ran 24 ga Janairu, 1924, a gidan Kirista masu riƙon addini, su shida wurin iyayensu. Ta gama karatun likita a Jami'ar Sidni a 1946, sa'an nan ta kama aiki a wani asibitin mata na birnin. A nan ta gamu da Dokta Rejinal Hamlin, mutumin Niyu Zilan, suka yi aure a 1950, Allah ya ba su ɗa namiji guda.

A 1958 suka ga sanarwa cikin mujallar likitoci mai suna The Lancet, cewa gwamnatin Habasha tana neman likitan mata da zai kafa makarantar ungozoma a asibitin Gimbiya Tsehai da ke Adis Ababa. Suka isa a 1959 tare da ɗansu, yana ɗan shekara 6, bisa yarjejeniyar shekara 3. Ashe zama ne na har mutuwa.

Ciwon da suka tarar

Kafin su zo Habasha ba su taɓa ganin mace mai yoyon fitsari ba, domin ciwon ya riga ya ƙaura daga ƙasashen da mace ke samun fiɗa idan haihuwa ta gagara. Ga yadda ya ke aukuwa. Idan ƙugun mace ya yi wa kan jariri kaɗan, ko jaririn ya zo a karkace, sai naƙuda ta yi tsawo, kwana biyu, uku, ko fiye. Kan jaririn ya danne naman da ke tsakanin mafitsara da hanyar haihuwa, ya matse shi jikin ƙashi, jini ya daina kai wa wurin, naman ya mutu. Bayan 'yan kwanaki sai mataccen naman ya zube, ya bar kafa, fitsari ya riƙa zuba dare da rana ba tare da mace ta iya riƙe shi ba. Wani lokaci har da bayan gida. Galibi kuwa jaririn ba ya zuwa da rai.

Ya kamata mu lura da sunan da Hausa ta ba ciwon. Yoyo kalma ce da a ke faɗa wa tulu ko rufin ɗaki, watau tana nuna abin da ido ya gani ne kawai, ba ta ambaci doguwar naƙuda wadda ita ce tushen abin ba. Inda suna ya ɓoye sanadi, sai mutane su nemo nasu sanadin: wasu su ce sammu ne, wasu su ce iska, wasu su ɗora wa yarinyar laifi. Daga nan sai ƙyama, sai yaji, sai saki. Haka abin ya ke a ƙauyukan Habasha sa'ad da Hamlin da mijinta suka iso, har a kan keɓe mace a bukka ita kaɗai saboda wari.

Asibitin bakin kogi

Da yake ba su da malamin da zai koya musu, sai suka koma ga littattafai, suka karanta aikin likitocin da suka gabata, suka yi ta gyara dabarar ɗinke kafar har ta zauna a hannunsu. Labari ya bazu, mata suka yi ta zuwa daga nesa, waɗansu a ƙasa, tafiyar kwanaki. Da wuri ya yi musu kaɗan sai suka shiga neman taimako a ƙasashen waje, har suka kafa asibiti na musamman a Adis Ababa a 1974, shekarar da soja suka tuɓe Sarki Haile Selassie. Turawa da yawa sun bar ƙasar a zamanin mulkin sojan nan, amma su ba su tashi ba.

Ƙa'idar asibitin ita ce ba a karɓar ko kwabo, kuma ba a tambayar addinin mace kafin a duba ta. Musulma da Kirista gado ɗaya su ke samu. Wadda ta warke a kan ba ta sabuwar riga da kuɗin mota, ta koma gida da mutuncinta. Waɗanda ciwonsu ya ƙi warkewa sarai kuwa, an gina musu wani ƙauye kusa da birnin, a ke kiransa Desta Mender, watau ƙauyen farin ciki da harshen Amhara, inda su ke koyon sana'a.

Cikin matan da suka zo jinya akwai Mamitu Gashe, wadda aka kawo a 1962 tana yarinya, ba ta taɓa shiga makaranta ba. Da ta sami sauƙi ta zauna tana gyaran gadaje, daga nan ta riƙa taimakawa a ɗakin fiɗa, har ta ƙware ta zama mai yin fiɗar da kanta, tana koya wa likitoci masu digiri.

Bangaskiya da tsufa

Rejinal ya rasu a 1993. A lokacin Katirin tana da shekara 69, ɗanta da jikokinta suna ƙasar waje, ba mai ganin laifinta da ta tafi ta huta. Ta zaɓi ta zauna a ɗan gidanta cikin harabar asibitin, ta ƙara shekara 27. Ita dai a ganinta Allah ne ya ajiye ta a wurin, kuma jinyar matan nan ibada ce. Haka ta bayyana cikin littafin tarihin rayuwarta wanda ya fito a 2001. A wannan zamani aka buɗe ƙananan asibitoci 5 a lardunan ƙasar, a Bahir Dar, Mekele, Yirgalem, Harar da Metu. A 2007 kuma aka kafa makarantar ungozoma, watau aikin da ya kawo su ƙasar tun farko, domin ta gane rigakafi ya fi magani: ungozoma mai ilimi ita ce za ta ga naƙuda ta ƙi, ta tura mace asibiti kafin naman ya mutu. Mata fiye da 60,000 aka yi wa magani a asibitocin nan kafin rasuwarta ran 18 ga Maris, 2020, tana da shekara 96. An binne ta a Adis Ababa kusa da mijinta.

Abin da ya shafe mu

Ciwon nan yana da yawa a Nijeriya ta Arewa da kudancin Nijar, kuma sanadinsa ɗaya ne da na Habasha: haihuwa kafin ƙugu ya gama girma, ƙarancin abinci tun ƙuruciya, nisan asibiti, da jinkirin yanke shawarar kai mace. A nan kuma akwai ƙarin yankan gishiri, da kunyar haihuwar fari wadda kan hana yarinya faɗin cewa naƙuda ta kama ta. Akwai wuraren da a ke ɗinke shi, kamar Babbar Ruga a Katsina, da cibiyar Laure a Kano, da Danja kusa da Maradi.

Saboda haka muna roƙon malaman kwalejojin horon malamai, duk sa'ad da darasin kiwon lafiya ya kawo su kan yoyon fitsari, su haɗa sunan da sanadinsa, su ce ciwon doguwar naƙuda ne, su kuma faɗa wa ɗalibansu cewa yana warkewa. Ɗalibin da ya ji wannan a aji, shi ne gobe zai zama malamin ƙauye, kuma wurinsa za a zo neman shawara ran da naƙuda ta kwana ba a haihu ba.