Dogon yaro ɗanyen katako ne: yadda ake renon dogaye a ƙwallon kwando

Duk wanda ke shiga kasuwar Katako a nan birnin Yamai ya saba ganin irin samarin nan da suka zarce kowa tsawo, wani yana tura amalanke, wani yana sauke buhunan siminti, wani kuma yana taya uwarsa jiran kaya. Mu dai tsokanarsu muke yi, mu ce da su zangarniya ko dogo ka fi tsani. To amma a duniyar ƙwallon kwando, yaron da ya kai mita 2 yana ɗan shekara 15 haja ce da ake bi gari gari ana nema, domin kwandon yana rataye ne a mita 3 da santimita 5, kuma tsawo ba abin koyarwa ba ne.

Sai dai ku 'yan katako kun fi mu sani, icen da bai bushe ba in aka yi rufi da shi, kafin damina biyu ya lanƙwashe. Haka dogon yaro yake. Ƙashinsa ne ke fara miƙewa, naman jiki da ƙarfi sai daga baya su biyo. Shi ya sa za ku gan shi yana tafiya kamar zai faɗi, ƙwallo tana kuɓuce masa. In ya shiga wasa, da an yi masa ƙaryar jifa sai ya yi tsalle ya faɗa wa mutum, laifi biyar kuwa alƙali ya kore shi daga fili. Abin da masu horaswa ke fara koya masa shi ne taku: inda zai dasa ƙafa, yadda zai ba abokin karawa baya ya tare shi, yadda zai cafe ƙwallon da ta ƙi shiga. Wannan aikin shekaru yake ci.

Mu ɗauki Hakim Olajuwon, wanda iyayensa 'yan kasuwa ne masu sayar da siminti a Legas. Sai da ya kai shekara 15 ya fara wannan wasa, kuma gasarsa ta farko a Sakkwato aka yi ta, nan maƙwabtanmu. Kafin nan mai tsaron gida ne a ƙwallon ƙafa, yana kuma buga ƙwallon hannu, can ya samo saurin ƙafar da ta yi masa suna. Da ya isa jami'ar Houston ta Amurka a 1980, shekara guda cur bai buga gasa ba. A ta biyu ma daga benci yake tasowa. Lokacin hutu ya riƙa gwabzawa da Moses Malone, wani ƙato da ya riga ya yi fice, yana shan ture da gwiwar hannu har jikinsa ya yi ƙwari. A 1984 shi aka fara zaɓa a gasar NBA, gaban Michael Jordan, amma kofi bai zo hannunsa ba sai 1994 da 1995. Shekara goma ke nan ƙungiyarsa tana jira.

Wanda aka yi wa gaggawa kuwa, ga Hashim Thabit na Tanzaniya, mai mita 2 da santimita 21. Ƙungiyar Memphis ta ɗauke shi na biyu a 2009 saboda tsawonsa, ta jefa shi cikin manya bai nuna ba. Kafin kakar ta ƙare an mayar da shi ƙaramar gasa, ya yi yawo ƙungiyoyi huɗu, zuwa 2014 labarinsa ya ƙare a NBA. A ganinmu laifin ba nasa ne shi kaɗai ba, wanda ya sayi kaya bai duba ba shi ma yana da rabonsa.

Babban abin tsoro shi ne ƙafa. Mutum mai kilo 120 in ya yi tsalle ya diro, 'yan ƙananan ƙasusuwan tafin ƙafa ne ke ɗaukar nauyin duka, akwai kuma ɗaya a cikinsu da jini bai cika isa gare shi ba, in ya tsage yana daɗewa bai haɗe ba. Shi ne ya karye wa Joel Embiid ɗan Kamaru. Philadelphia ta ɗauke shi a 2014, ya yi kaka biyu bai buga ko wasa ɗaya ba, ana biyan shi yana jinya, mutane suna cewa an yi asara. A 2023 aka zaɓe shi gwarzon gasar. Yao Ming na ƙasar Sin kuma ƙafa ce ta sa ya ajiye wasa a 2011 yana ɗan shekara 30. Mu a nan, ko takalmi lamba 48 sai an zazzage dilar gwanjo kafin a samu, yaro kuma a kan siminti yake tsalle.

Ba a rasa dogaye a Nijar ba. Abdul Razak Alfaga, da ya ciyo mana azurfa a tekwando a wasannin Rio na 2016, ya haura mita 2. Hanyoyin reno ma sun ƙaru a yankinmu. Masai Ujiri, wanda ya tashi a Zariya kuma ya jagoranci ƙungiyar Toronto ta ci kofi a 2019, tun 2003 ya fara shirya sansanin horaswa a Najeriya, har da na dogaye zalla. NBA ta buɗe makarantarta a garin Saly na Sanagal, inda ake haɗa wasa da karatu, daga can Khaman Maluach ɗan Sudan ta Kudu ya fito aka zaɓe shi na 10 a 2025.

Inda ake ciniki mai tsoka dillalai ba sa rasa zuwa. Uwar da wani ya tare ta a rumfa ya ce zai kai ɗanta Turai, ta tambaye shi sunan ƙungiyar, da lakkwal ɗin da yaron zai shiga, da wanda zai biya likita in ƙafa ta karye, sannan ta kai maganar hukumar ƙwallon kwando ta ƙasa kafin ta ba da ko dala. Dokar hukumar duniya ta FIBA ta hana sauya wa ɗan wasa ƙasa kafin ya cika shekara 18, sai da izini na musamman. Ita kuma NBA, mutum 60 kacal take zaɓa a shekara daga duniya baki ɗaya.