Kano A Idon Matafiya: Littattafan Da Ya Kamata Ɗan Birni Ya Karanta

Kwanan baya na tambayi ɗalibaina masu koyon aikin malanta, waɗanda galibinsu a cikin ganuwar Kano aka yanke musu cibi, ko akwai wanda ya taɓa karanta labarin wani matafiyi da ya shigo birnin nan a zamanin da, ya rubuta abin da ya gani. Aji ya yi tsit. Alhali kuwa kullum su kan ratsa Kurmi, su hangi Dala, su fita ta Ƙofar Nassarawa. Abin ya dame ni ƙwarai, gama malamin da bai san labarin garinsu ba, da me za shi jawo hankalin yara zuwa labarin garuruwan wasu? Saboda haka na ga ya kamata in ambata wa jama'a waɗansu littattafan tafiye-tafiye, in kuma faɗi yadda na ke ganin ya fi kyau a karanta su.

Na fari shi ne littafin Kyaftin Hugh Clapperton da abokan tafiyarsa, wanda aka buga a Ingila cikin 1826. Clapperton ya ƙetaro hamada daga Tarabulus, ya biyo ta Barno, ya iso Kano a watan Janairu na 1824, zamanin Sarki Ibrahim Dabo. Ranar da za shi shiga gari ya ci ado da kayan sarkinsa na sojan ruwa, yana tsammani za a yi ta kallonsa, amma kowa ya ci gaba da sha'aninsa, ba wanda ya kula. Abin da ya fi ba shi sha'awa tsarin kasuwa ne. Ya ce dillali ya kan sa sunansa cikin ƙunshin riga ko turkuɗi, in aka kai kaya har Barno aka kwance aka tarar da aibu, sai a komo da su, a mayar wa mai saye da kuɗinsa. Ɗan kasuwar yau ya karanta wannan, ya auna kansa. Daga Kano Clapperton ya wuce Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, kuma a kusa da can ya mutu cikin 1827, a zuwansa na biyu.

Na biyu, wanda ya fi duka zurfi, shi ne na Heinrich Barth, Bajamushen da mutanenmu suka sani da suna Abdulkarim. Ya biyo ta Agadas da Katsina, ya shigo Kano a farkon Fabrairu na 1851, zamanin Sarki Usman, ga zazzaɓi ga bashi. Duk da haka bai zauna a ɗaka ba. Ya zaga unguwa-unguwa a kan doki, ya zana taswirar birni, ya rubuta sunayen ƙofofi. Ya ƙiyasta mazauna garin sun kai dubu 30, a lokacin fatauci kuwa su kan ninka. Ya bi sawun tufafin da a ke saƙawa a rina a Kano har Murzuk da Tarabulus da Tambutu, ya ce cinikinsu a shekara ba ya kasa wuri miliyan 300. Littafin juzu'i biyar ne, ya fito a 1857 da 1858. Wanda ya ga ya yi masa yawa, sai ya nemi abin da A. H. M. Kirk-Greene ya tsamo daga cikinsa game da ƙasarmu, ya buga cikin 1962 da suna Barth's Travels in Nigeria.

To, amma a yi hattara. Baƙo ko ya kai wane ido, abin da aka nuna masa shi ya ke gani, wani lokaci kuma ya kan auna mu da mudun garinsu. Har wa yau akwai abin da su biyun suka rubuta wanda ba shi da daɗin ji, watau cinikin bayi a kasuwar Kano. Kada mai karatu ya tsallake waɗannan shafuffuka don kunya, domin daga cikin yaran da aka sayar a ƙasashen nan ne aka sami mutumin da ni ke so a fi lura da shi.

Sunansa Dorugu, Bahaushe ne daga ƙasar Damagaram. An kama shi yana yaro aka kai shi Barno, inda abokin tafiyar Barth, mai suna Overweg, ya 'yanta shi. Da Overweg ya mutu sai ya koma hannun Barth, shi da wani yaro Bamargi wai shi Abbega. Tare da su Barth ya tafi Tambutu cikin 1853, tare kuma suka ƙetare hamada da teku zuwa Landan cikin 1855. A Ingila wani malamin mishan, J. F. Schön, ya riƙa rubuta labarin Dorugu daga bakinsa da Hausa, ya sa shi cikin littafinsa Magana Hausa na 1885. Nan fa kallo ya koma sama: Bature ya zo ya ƙare mana kallo, ga ɗanmu ya je yana ƙare wa Turawa kallo, yana bayanin jirgin ruwansu da gidajensu da yadda su ke zama cin abinci. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Dorugu ya komo gida, a ƙarshen rayuwarsa ya koyar a makarantar da Ɗan Hausa, watau Hanns Vischer, ya buɗe a Nassarawa, nan bayan ganuwa, ya rasu cikin 1912. Kirk-Greene da Paul Newman sun fassara labarin da Turanci cikin 1971, suka gama shi da na Maimaina, jikan Abbega. Shawarata ita ce a karanta Barth da Dorugu gaba ɗaya. Hanya ɗaya suka bi, amma abin da ubangida ya gani dabam, abin da yaronsa ya gani dabam.

Bayan Dorugu sai namu na zamanin boko. Alhaji Abubakar Imam ya tafi Ingila cikin 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, tare da editocin jaridun Afirka ta Yamma, ya komo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi. Malam Aminu Kano, ɗan unguwar Sudawa, ya ba da labarin tafiyarsa Turai cikin Motsi Ya Fi Zama. Su duka biyu ba yawon buɗe ido kaɗai suka je ba. Duk abin da suka gani sai sun gwada shi da halin da suka baro a gida, su tambayi kansu me za a ɗauka, me za a bari.

Ga yara kuwa, waɗanda ba su isa ɗaukar manyan littattafai ba, a fara musu da ƙagaggun labaru. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam ya ishi yaro dariya da mamaki. Ganɗoki na Malam Bello Kagara na masu son jaruntaka ne. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa kuwa labarin yaron da aka sace ne, aka ƙetara hamada da shi, uwarsa ta bi sawu tana nema. Wanda ya karanta shi ba za shi sha wuyar gane Dorugu ba.

Yanzu ba a da hujjar cewa littattafan sun yi wuyar samu. Na Clapperton da na Barth suna nan kyauta a intanet, sauran kuma a tambaya a ɗakunan karatu da wurin masu sayar da littattafan Hausa. Roƙona ga malamai shi ne, in an karanta babin Barth a kan Kano, kada a tsaya cikin aji. A ɗauki yara a hau Dala, a gangaro Kurmi, a leƙa karofin Ƙofar Mata, a shiga Gidan Makama, sa'an nan kowane yaro ya rubuta abin da ya gani da hannunsa. Ganuwa tana zaizayewa, tsofaffi suna ƙarewa. In ba mu koya wa 'ya'yanmu dubawa da rubutawa ba, jikokinmu ma wurin baƙo za su nemi labarin garinsu.

Allah ya ba mu ilmi mai amfani, amin.